Kiran da Ban Amsa Ba a Kogin Saône

Watan nan na Oktoba ya cika shekara bakwai da ruwa ya ci yayana Iliya a kogin Saône, tafiyar wuni guda kafin a iso Lyon. Da yawa cikin masu karanta wannan shafi sun san shi, musamman mutanen unguwannin Barbès da Saint-Denis na Paris, inda ya yi shekara ashirin da wani abu yana loda kayan 'yan kasuwa a kamiyo, manyan motocin kaya. Mai Bato suke ce masa, wato mai jirgin ruwa. Abin da aka faɗa musu a zaman makoki shi ne ya zame daga jirginsa da safe cikin hazo, babu wanda ya gani, babu wanda ya ji. Ni na faɗa wa jandarma haka, ni na faɗa wa dangi, ni kuma na faɗa wa 'yarsa Nafisa. Rabin maganar gaskiya ne, domin ban gani ba. Amma na ji.

Nafisa tana 'yar shekara tara uwarta ta rasu, tana sha bakwai ubanta ya bi. Ta dawo wurina a Villeurbanne, dab da Lyon, da akwati guda da jakar makaranta, a ɗakina ta gama girma, a nan ta yi karatun injiniya. Ni Allah bai ba ni haihuwa ba, ita ce duk abin da nake da shi a ƙasar nan. Tsoron ranar da za ta dube ni da wani ido daban shi ya rufe mini baki tsawon shekarun nan, ba wani abu ba.

Mu Sarkawa ne, daga wani ƙauyen masunta ƙasa da Gaya, a bakin kogin Kwara. Ban ce duk Sarkawa haka suke ba, amma a gidanmu akwai doka guda da ake koya wa yaro tun kafin ya iya riƙe filafili: a kan ruwa ba a kiran sunan mutum, kuma ba a amsa kira. In kana neman hankalin wani, ka ƙwanƙwasa gefen jirgi sau biyu. In kuwa ka ji an ambaci sunanka ba ka ga mai kiran ba, kada ka amsa, kada ka waiga, kada ka leƙa. Kakarmu ta ce mutanen ruwa ba su da murya tasu, shi ya sa suke aron ta na sama su kira wanda suke so. Malaman garinmu sun sha yin wa'azi a kan wannan magana. Mutanen gidanmu su sunkuyar da kai su ce na'am, washegari su shiga jirgi su ci gaba da ƙwanƙwasarsu.

Ni na bar wannan a gida tare da tabarmata. Yaya kuwa ya ƙunso tasa ya zo da ita Paris. Mutum ne mai salla da azumi, mai tsoron haram, amma in kuna ƙetare gadar Seine a ƙafa, sai ya yi shiru har ku sauka a wancan gefe. Ranar da ya buga mini waya ya ce ya sayi jirgin ruwa, na tambaye shi ko masu sayar da kifi ne suka yi yaji a Barbès. Ya ce in ci gaba da dariya, ranar da ya ɗaure jirginsa a ƙofar Lyon ni zan fara roƙon a zaga da ni.

Shekara biyu ya yi yana nema kafin ya saya, kuma duk wanda ya zauna da shi a wancan lokaci ya sha karatu ko bai so ba. Har yau ina iya karanto shi. Ka nemi wurin da za ka ɗaure jirgi kafin ka nemi jirgin, domin a Paris wurin ɗaurewa ya fi jirgin wuyar samu. Kada fenti ya ruɗe ka, sa a ɗaga shi sama ka ga cikinsa, ka bi ƙarfen da guduma taki-taki kana saurare, inda tsatsa ta ci za ka ji sautin ya mutu. Ka je duba shi ranar da ake ruwan sama, ka zauna a ciki ka ga ta ina yake yoyo. Ka ɗora hannu a kan inji kafin mai shi ya tayar, in ka ji da ɗumi to an riga an lallashe shi kafin ka iso. Kuma tarihin jirgi a bakin maƙwabtansa ake ji, mai sayarwa ba ya tuna komai sai alheri. Da haka ya samu wani tsohon jirgin ƙarfe mai ɗaki biyu da madafa, ya ɗaure shi a kanal ɗin Saint-Denis, wata hanyar ruwa da aka haƙa don jirage, ya mai da shi wurin hutunsa na Asabar da Lahadi.

Yana da shekara hamsin ya zauna cikin yara sa'annin 'yarsa don jarrabawar permi, takardar izinin tuƙin jirgin ruwa. Ya faɗi karon farko, ya dawo yana ta faɗa wai tambayoyin na mutanen tudu ne. Karo na biyu ya kwantar da kai ya haddace alamomin ya ci. Abu guda ne duk duniya ta kasa sa shi: rigar nan mai hana nutsewa, jile. In na yi magana sai ya ce, "Basarke da jile? Ki rufa mini asiri kada a ji a Gaya." Ni ma dariya nake yi, ina jin daɗin taurin kan nasa, don a cikinsa nake ganin babanmu.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yadda ruwan nan ya koma yau. Ƙofofin ruwa da ake ɗaga jirgi ko sauke shi, waɗanda Faransawa ke ce wa ekuluz, da yawansu yanzu babu mai gadi, ɗan akwati ake ba ka ka danna maɓalli. Yaya da bai taɓa wuce mai gadi bai tambaye shi iyali ba, ban san wa zai gaisar ba. Waya ce ke faɗa wa mutum zurfin ruwa da inda zai kwana. Da rani wasu kanal sukan ƙafe har a rufe su, ciyawa ta shaƙe wasu. Yara na hayar ƙananan jirage masu lantarki, suna tafe suna ɗaukar kansu hoto, suna ƙwala wa juna kira daga wannan jirgi zuwa wancan, suna kuma amsawa. Na san da ya gani zai kama haɓa ya ce Allah ya kyauta, ya kuma je ya gyara musu ɗaurin igiya ba tare da sun roƙe shi ba.

Tafiyar Lyon ita ce burinsa. Daga Paris ya bi Seine, ya shiga Yonne, ya kama kanal ɗin Bourgogne, ƙofa bayan ƙofa, makonni yana tafe. Na ɗauki hutun kwana goma daga gidan tsofaffin da nake aiki, na hau jirgin ƙasa na same shi a hanya don mu ƙarasa tare. Nafisa na makaranta, ba ta zo ba. Kwana biyu da haɗuwarmu muka isa wurin da kanal ɗin ke ratsa ƙarƙashin tudu, rami mai tsawon fiye da kilomita uku, faɗinsa da kyar ya ɗauki jirgi guda. Da tsakar rana muka shiga. Ba a jima ba hasken baya ya zama kamar ƙwayar gero, na gaba bai bayyana ba. Ruwa mai sanyi na ɗiga a wuyana daga sama, fitilar jirgin na haska bango mai gansakuka. Tsoro ya kama ni, bakina ya suɓuce na ce, "Yaya Iliya, da saura?" Sunan ya tafi gaba cikin duhu ya dawo mana, sau biyu, da wata murya da ba tawa ba.

Ya ci gaba da tuƙi har muka fito. Ya ɗaure jirgi, ya sa muka hau tudu, sannan ya juyo. Tun muna yara ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Rabi, zaman Faransa ya wanke miki kai ne?"

"Haba Yaya, amsa-kuwwa ce fa."

"Na san amsa-kuwwa. Ki saurare ni da kyau. In kina cikin jirgi kika ji sunanki ba ki ga mutum ba, ki zauna inda kike. Ko da muryata ce. Ni ba zan taɓa kiran ki da suna a kan ruwa ba, kin ji ko? Ki ce kin yi alkawari."

Na yi alkawari, rabi don in kwantar masa da rai, rabi kuma don muryar nan ta rami ba ta bar kunnena ba.

Bayan mako guda muna kan Saône, kogi mai faɗi, mai tafiya a hankali kamar ba ya tafiya. Muka kwana ɗaure a wani gefe mai itatuwa, nesa da gari, saura wuni guda mu isa. Da gari ya waye rana ta fito amma ba a ganin ta, hazo ya sauka har ba ka iya hango ƙarshen jirgin daga ƙofa. Yaya ya ce tun jiya yake jin wani abu ya naɗe farfela, bari ya cire kafin hazo ya ɗaga. Ya ɗauki wuƙa da sanda mai ƙugiya ya nufi baya. Ni na shiga madafa na ɗora shayi. Tagar fari fat, kamar an rataya mata zane.

Ban ji faɗuwar komai ba, ƙila saboda hucin gas. Abin da na ji shi ne sunana. "Rabi." Daga ƙasa ya zo, daga gefen ruwa, ba da ƙarfi ba, da muryar yayana. Na tsaya da cokali a hannu. Na jira ƙwanƙwasa. Har na manna tafina a jikin ƙarfen don in ji ko da kaɗan ne, babu. Aka sake kira, wannan karon daga nesa kaɗan. Na durƙusa a ƙasan madafar ina karanta Ayatul Kursiyyu, ina ce wa kaina ya faɗa mini, ya faɗa mini, ko da muryarsa ce. Na uku da kyar na ji shi, can ƙasa inda ruwan ya nufa. Daga nan shiru.

Ban san tsawon lokacin da na yi a durƙushe ba. Shayin ya tafasa ya zube ya kashe wutar. Sai da warin gas ya ishe ni na tashi na fita. Na ƙwanƙwasa gefen jirgi sau biyu, kamar wata sakarya, na jira. A baya na tarar da takalmansa a jere da wuƙar a ajiye. Zoben ceto, wanda ake jefa wa wanda ya faɗa ruwa, yana rataye a bakin ƙofar da na fito, taku uku daga inda na durƙusa. Bayan kwana biyu masu ninƙaya na 'yan kwana-kwana suka same shi a ƙofar ruwa ta gaba. Likita ya ce akwai rauni a kafaɗarsa, kuma sanyin ruwan Oktoba ba irin na Kwara ba ne, yana ɗaure wa gwani hannu cikin ɗan lokaci.

Shekara bakwai ina juya abu biyu a raina. Ko dai yayana ne, ruwa ya janye shi nesa da jirgin har hannunsa bai kai ya ƙwanƙwasa ba, ya karya dokar da ya riƙe shekara hamsin ya kira ƙanwarsa, ita kuma ta zauna. Ko kuma ba shi ba ne, ya riga ya tafi shiru kamar yadda aka koya masa, wani abu ne daban ya ari muryarsa ya nemi ya haɗa da ni. Ni musulma ce, na yi shekaru ina wanke tsofaffi ina rufe musu ido, na san wanne ne hankali ya ɗauka. Amma ba zan ɓoye muku ba, akwai shekarun da na fi son na biyun, don shi ne yake bari in ci abinci.

Wasu masu jirgi suka taimaka aka ƙaraso da shi Lyon, aka samu wuri aka ɗaure. Ban iya sayar da shi ba. Jirgi kuwa ba a ajiye shi a manta, sai ana buɗe tagogi, ana kwashe ruwan da ya taru a ƙasa, ana zubar da na famfo kafin sanyi ya fasa bututu. Duk wata nakan je. Kuma sau da yawa, da rana tsaka, ina cikin shara sai in ji an buga ƙarfen daga ƙasa. Maƙwabcin jirgin, wani tsoho Bafaranshe da aka haifa a kan ruwa, ya ce manyan tarwaɗa ne na Saône suke goga jiki, ko kuma ƙarfe ne yake miƙewa in rana ta taɓa shi. Ya ce nasa ma yana yi. Na so in tambaye shi ko nasa ma sau biyu yake yi ya tsaya, sai na ga tsohon zai ɗauke ni mai taɓin hankali, na bar maganar.

Yanzu 'yan'uwanmu sun fara sha'awar ruwa, ina ganin hotunansu, wasu har sun fara tambayar yadda ake saye. Duk karatun Yaya na guduma da inji ku riƙe shi, gaskiya ne. Ga nawa da zan ƙara, na wadda ta saya da tsada. Ku sa jile, ko kakanku ne sarkin ruwa. Kada mutum ya je bayan jirgi shi kaɗai cikin hazo ba tare da wani na kallon sa ba. Abin da kuka zo da shi daga gida kuma, ku zazzage shi ku duba tun kuna kan tudu, ku ga wanne zai yi aiki a ruwan da ba naku ba.

Me ya rage na Iliya? Takalmansa suna wurina. Mutanen Barbès har yau in sun ga ana loda kaya a karkace sukan ce da Mai Bato na nan da ba haka ba. Taurin kansa kuwa bai je ko'ina ba, yana jikin 'yarsa. Bara ta yi permi, karo guda ta ci. Bana ta sa aka ɗaga jirgin, ta bi shi da guduma da kanta, ta canza abin canzawa. Ta ce in bazara ta shigo za ta mai da shi Paris ta hanyar da ubanta ya biyo, har da ramin nan. Sauran abin da ya rage nasa shi ne dokar, kuma a bakina kaɗai ta rage.

Lahadin da ta wuce muna cikin jirgin da hantsi, tana kwance wani bututu a madafa, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Gwaggo, Baba ya taɓa ce mini akwai wata doka ta gidanmu a kan ruwa, wai in na girma zai koya mini. C'est quoi, mece ce? Ke kin san ta ai."

Da na so, da na faɗa mata dokar kawai, in yi shiru a kan sauran, ta ɗauke ta ta shiga ruwa da ita kamar yadda na shiga. Da na so kuma, da na ce na manta. Na dubi bayan wuyanta, irin na ubanta sak, na zauna a kan benci na faɗa mata duka. Dokar, da ramin, da alkawarin, da shayin, da zoben da ke rataye. Ban rage komai ba, ban kuma nemi ta ji tausayina ba.

Ta ajiye abin da ke hannunta a hankali. "Sau nawa ya kira?"

"Uku."

"Kika ce wa jandarma ba ki ji komai ba."

"Haka na ce."

"Ni ma haka kika ce mini."

Ta tashi ta fita, ta ja ƙofar. Na ji takunta a sama ya nufi baya, sannan ya ɗauke. Na zauna a madafar nan, wuri guda da wancan karon, ina kallon hannuwana, ina tunanin ɗakinta da yadda zai zama in ta kwashe kayanta. An daɗe. Jirgin yawon buɗe ido ya wuce, igiyar ruwansa ta girgiza mu ta lafa.

Sai na ji an ce, "Rabi." A hankali, daga baya, ƙasa-ƙasa. Nafisa tun da ta fara magana ba ta taɓa kama sunana ba, kuma muryarta in ta yi kuka takan yi kauri. Na kasa kunne kamar wancan karon. Na dafa bango na miƙe, na ce na'am da ƙarfi, na buɗe ƙofa na fita.

Tana durƙushe a bayan jirgin ta ba ni baya, tana warware wata igiya da ta cukurkuɗe, fuskarta jiƙe. Na leƙa ruwan, babu komai sai ganye yana wucewa. Ban tambaye ta ko ita ce ta kira ba, ita ma ba ta faɗa ba. Ta miƙo mini bakin igiyar ba tare da ta dube ni ba, ta ce, "Riƙe nan, Gwaggo." Na riƙe.